Kafin ka hura wa silin bargo: jagora ga masu gida a ƙasashen sanyi

Shekarar da muka tare a gidanmu na Columbus, a jihar Ohayo, na ɗauka hitar gidan ce ba ta da ƙarfi. Daga Disamba har Maris injin bai huta ba, dare da rana yana gurnani a ƙasan gida, amma ɗakin yara kamar an bar taga a buɗe. Uwargida sai ta sa musu safa biyu-biyu kafin su kwanta. Bil ɗin gas kuwa in ya zo, sai na zauna tukuna nake buɗe shi.

Wata safiya bayan an kwana ana zuba dusar ƙanƙara, wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin zangon Kumasi da ya daɗe a ƙasar nan, ya tsayar da ni a bakin titi. Ya ce, "Malam, ɗaga kai ka dubi rufina, sannan ka dubi naka." Nasa fari fat, ƙanƙarar na kwance yadda ta sauka. Nawa ya narke tsiri-tsiri, ga tsinkayen ƙanƙara suna reto a bakin rufi. Na ce, "Alhaji, me ke kawo haka?" Ya ce, "Kuɗinka ne ke narkar da ita. Sararin Allah kake ɗumamawa."

Daga ranar na soma bin kan aikin hura wa bayan silin abin tare ɗumi, wanda ake fesawa da inji ta tiyo, har na yi shi da hannuna. Abin da na fahimta, wanda kuma nake so ya zauna wa mai karatu tun daga farko, shi ne hurawar ita ce ƙarshen aikin, ita ce kuma mafi sauƙi. Wuni guda ta ishe ta. Ribar tana cikin shirin da ake yi kafin a kunna inji, kuma nan ne yawancin mutane ke tsallakewa.

Abin da bargon yake yi

Gidajen Amurka da Kanada da Ingila suna da sarari tsakanin silin da rufi, wanda suke kira atik, mu kuwa mu ce cikin silin. A kan bayan silin ɗin ake shimfiɗa abin da ke hana ɗumin gida ficewa da hunturu, ya kuma hana zafin rufi saukowa da bazara. Insuleshan suke ce masa. Ni bargon silin nake kiransa, don aikin bargo yake yi. Bargo ba ya samar da ɗumi, wanda jikinka ya samar yake tsarewa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin jinka, ya kuma kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, ya riga ya san darasin. Ciyawar jinka tana riƙe iska a tsakaninta, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta saurin wucewa da zafi. Wannan dabarar ce dai aka zuba a buhu.

Ana auna ƙarfin bargon da abin da ake kira lambar R. Yawan lambar, yawan tsarewa. Hukumomin makamashi na Amurka suna ba da shawarar R-30 zuwa R-60 a cikin silin, gwargwadon sanyin yankin da kake. Jihohin arewa irin su Ohayo, Mishigan, Minesota da Niyok, abin da ake nema R-49 ne zuwa R-60. A Ingila da kauri suke magana, milimita 270. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa toshe kafofin iska haɗe da ƙara bargo yana rage kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa a matsakaicin gida. Ka lura, abu biyu ta haɗa: toshewa da ƙarawa.

Iri biyu ne aka fi hurawa. Akwai selulos, wato dusar takarda, toka-toka, mafi yawanta tsofaffin jaridu ne da aka niƙa aka gauraya da sinadarin boret don kada ta kama wuta, ƙwari ma ba sa sonta. Kowane inci nata yana ba da R-3.2 zuwa R-3.8. Akwai kuma audugar gilashi, fara ko ruwan hoda, wadda inci ɗaya ke ba da kusan R-2.2 zuwa R-2.7. Ita ba ta da nauyi, ba ta da ƙura sosai, amma tana sa ƙaiƙayi, kuma sai ka tara ta da yawa kafin ka kai lambar da kake so. Ni selulos na zaɓa don ta fi cika lungu da saƙo, kuma iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Sai dai ta fi nauyi. Idan allon silinka siriri ne, rabin inci, kuma katakan da suka riƙe shi inci 24 ne tsakaninsu, ko tsohon filasta ne da ya soma lotsawa, to audugar gilashi ta fi maka kwanciyar hankali.

Hawan farko: kallo kawai

Ka sa tsani, ka ɗaga murfin bakin hawa, wato ƙofar da ake shiga cikin silin, ka haska tocila. Kada ka taɓa komai tukuna. Ka'idar da masana ke bayarwa mai sauƙi ce: idan kana ganin saman katakan silin, wato bargon bai rufe su ba, kana buƙatar ƙari. Katakon silin irin wanda ake kira tubai-sikis tsayinsa inci biyar da rabi ne, ka ga ke nan ko an cika shi dam ba a kai rabin abin da ake nema ba. A nawa gidan, wanda aka gina a shekarun 1960, inci huɗu na tarar na tsohuwar auduga, ta yi baƙi-baƙi ta kwanta.

Akwai abubuwan da in ka gan su, sai ka mayar da murfin ka sauko, aikin ya fi ƙarfin mai gida.

Na farko, kuma wanda ya fi ba ni tsoro saboda 'yan'uwanmu da ke sayen tsofaffin gidaje masu rahusa, shi ne wasu 'yan tsakuwoyi marasa nauyi, ruwan ƙasa ko ruwan toka, masu ƙyalƙyali kamar an barbaɗa azurfa. Sunansa bamikulait. Fiye da kashi 70 cikin 100 na wanda aka sayar a Amurka tsakanin 1919 da 1990 daga mahaƙa ɗaya ya fito, ta garin Libby a jihar Montana, kuma wannan mahaƙa gurɓace take da asbestos, wani ma'adini mai siraran zare da ke jawo cutar huhu. An fi sayar da shi da sunan Zonolite. Ƙurar asbestos idan ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru da yawa take bayyana. Kada ka share shi, kada ka zuƙe shi da injin shara, kada ka taka shi, kada ka bar yara su leƙa. Masu lasisin kwashe asbestos ne kawai ke taɓa shi. Akwai asusu na musamman da kotu ta kafa mai mayar wa masu gida wani kaso na kuɗin kwashewar Zonolite, ka neme shi kafin ka biya.

Na biyu tsohon wayarin ne na gidajen da aka gina kafin shekarun 1950: wayoyi ɗai-ɗai a miƙe, suna bi ta cikin fararen ƙusoshi da bututun tangaran. An tsara su ne su sha iska su huce. In ka binne su cikin bargo za su iya yin zafi har gobara ta tashi, shi ya sa dokar wutar lantarki ta hana. Mai gyaran wuta ya fara sauya su.

Na uku laima. Tabon ruwa a jikin katakon rufi, funfuna, tsatsa a kan ƙusoshi, bargo mai danshi. Rufin da ke yoyo a gyara shi tukuna. Haka kashin jemage ko na ɓera ko sheƙar kurege, a kore su, a toshe inda suke shiga, a tsaftace wurin.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, bismilla.

Toshe kafofin iska

A nan zan daɗe, don nan ne zuciyar aikin.

Iska mai ɗumi sama take yi. Da hunturu gidanka kamar bututun hayaƙi yake: ɗumi na matsawa sama yana neman kowace kafa a silin ya fice, sanyi kuma na shigowa ta ƙasa ya maye gurbinsa. Bargon da ake hurawa ba ya tare iska mai gudu, tace ta kawai yake yi. Ka tuna rigar sanyi ta saƙa a ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, tana da kauri amma iska ratsa ta take yi sai ka ɗora wata rigar a kai. Wanda ya hura bargo bai toshe kafofi ba, ya zuba ruwa ne a kwando. Abin da ya fi muni, ya binne kafofin ƙarƙashin inci goma sha, nemo su daga baya sai an yi tono.

Akwai kuma maganar tururi, wadda ta shafe mu fiye da maƙwabtanmu. Gidan Bahaushe tukunya ba ta sauka. Tuwo, miya, farfesu mai awa biyu a kan wuta, ga yawan jama'a, ga wanka da alwala. Duk wannan tururin yana bin iska ya shiga cikin silin, ya tarar da katakon rufi mai sanyi, ya zama raɓa. Da tsakiyar hunturu za ka iya ganin farin ƙanƙara a kan tsinin ƙusoshi. Shekara biyu uku, funfuna ta kama, katako ya soma ruɓewa.

Yaya za ka gane kafofin? Tsohon bargon da kansa zai nuna maka. Duk inda ka ga audugar ta yi baƙi, ba datti ba ne ya faɗo daga sama, iskar gida ce ta shekara da shekaru tana wucewa ta nan, audugar na tace ƙurar. Ɗaga wurin, za ka ga kafar a ƙarƙashi. Wata dabarar kuma a ɗakin uwargida na samo ta. Ranar da ake sanyi da iska, ka rufe ƙofofi da tagogi, ka kunna turaren tsinke, ka riƙa bi da shi a hankali kusa da fitilun silin, da gefen murfin hawa, da inda bango ya haɗu da silin. Inda hayaƙin ya karkata ya shige, nan ne. Wannan daga cikin ɗaki ake yinsa, kada ka hau sama da wuta ko ta tsinke ce. Mai hali kuma ya kira masu binciken makamashi, su kafa babbar fanka a ƙofar gida su zuƙe iska, su bi da kyamarar zafi. Kamfanonin gas da lantarki da yawa suna yin wannan da rahusa ga masu hulɗa da su.

Kafin ka soma, ka hau da falanki biyu ko uku masu faɗi ka gitta su a kan katakai. Tsakanin katakan allon jifsam ne kawai, wato allon silin ɗin kansa, ba zai ɗauki ko ƙafa ɗaya ba. Ka sa takunkumi na N95 ko wanda ya fi shi, da tabarau, da safar hannu, da riga mai dogon hannu, da hula mai tauri saboda ƙusoshin rufi da ke leƙowa. Ka zaɓi kaka ko farkon bazara. A watan Yuli zafin cikin silin yana iya kaiwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, mutum na iya suma a can ba wanda ya sani. Mai azumi kada ya gwada.

Ka fara da manyan ramuka, don rami ɗaya babba ya fi ƙananan tsaga ɗari. Ana samunsu a saman kabad ɗin kicin inda aka sauko da silin, da saman bahon wanka, da gefen matattakala, da inda bututun ruwa ko na iska ya taso daga ƙasa. A gidana na ɗaga wata auduga a saman kicin, sai ga rami buɗe wanda hannuna ya shige har kafaɗa, ina jin ɗumi yana dukan fuskata, har da ƙamshin daddawar miyar da ake yi a ƙasa. Irin wannan sai ka yanko allon kumfa mai tauri ko guntun allon jifsam daidai bakinsa, ka rufe, ka bi gefe-gefen da kumfar gwangwani, wadda ake fesawa ta kumbura ta daskare.

Daga nan sai ƙanana. Ka bi saman kowane bango, za ka ga katakonsa a kwance da siririyar tsaga a kowane gefe. Ka bi ramukan da aka huda wa wayoyi da bututu. Tsagar da ba ta kai kwatan inci ba, gam ɗin toshe tsaga ya isa. Daga nan zuwa inci uku, kumfar gwangwani. Aiki ne na rarrafe da haƙuri. Ni Asabar biyu ya ci mini, gwiwoyina sun ji a jikinsu, amma tun kafin in hura ko buhu ɗaya uwargida ta ce, "Maigida, ɗakin yaran nan ya canza."

Wurare masu zafi suna da tasu doka, kada ka kusance su da kumfa. Bututun hayaƙin hita ko na tukunyar ruwan zafi, idan mai bango biyu ne, ana barin inci ɗaya tsakaninsa da duk abin da zai iya ci da wuta. Mai bango ɗaya inci shida, na bulo inci biyu. Ana rufe ratar da ke kewaye da shi da falle na kwano, a liƙe da gam mai jure zafi, sannan a naɗa wani kwanon a tsaye kamar garu, tsayinsa ya wuce inda bargon zai kai, don kada ya taɓa bututun. Fitilun da aka nutsa cikin silin kuma ka duba jikinsu. Wanda aka rubuta wa IC, alamar cewa an ƙera shi ya iya taɓa bargo, ana iya rufe shi. Wanda ba shi da wannan alama yana buƙatar inci uku a kowane gefe, kuma shawarata ka sauya shi da sabon LED mai hatimi ka huta.

Sai fankar banɗaki. Ka bi bututunta da ido har ka ga inda ya fita waje, ta rufi ko ta bango. A nawa, wanda ya yi aikin tun kafin mu saya ya bar bakin bututun a kwance cikin silin, duk tururin wanka a nan yake juyewa, katakon da ke samansa ya yi baƙi ƙirin. Sai da na kira aka huda rufi aka fitar da shi. Na kicin da na injin busar da kaya ma haka, waje za su fita.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: gidan da aka toshe sosai, idan hitarsa ko tukunyar ruwan zafinsa mai gas ce irin ta da, hayaƙi na iya dawowa cikin gida maimakon ya fita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Ka sa na'urar gargaɗinta a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana, ka kuma sa ma'aikacin hita ya gwada fitar hayaƙin bayan ka gama.

Bar wa rufi hanyar numfashi

Wannan yana rikita mutane. An ce ka toshe iska, yanzu kuma an ce ka bar mata hanya. Iska biyu ce. Ta cikin gida ita ake hanawa hawa. Ta waje kuwa dole ta shiga ta ramukan ƙarƙashin bakin rufi, ta bi jikin katako, ta fita ta ƙololuwa, ta tafi da danshi. Cikin silin da hunturu ana so ya yi sanyi kamar waje. In ya yi ɗumi, ƙanƙarar rufi ta narke, ruwan ya gangaro bakin rufi inda ke da sanyi ya sake daskarewa, ya yi madatsa, ruwan baya ya koma ƙarƙashin rufi ya sauko ta bango. Tsinkayen da Alhaji ya nuna mini ke nan.

Don kada bargon ya toshe waɗannan ramuka, ana kafa makwararar iska ta roba ko kwali tsakanin rafta da rafta, wato katakan da ke riƙe da rufi, a danne da sitefula, bakinta na sama ya wuce tsayin bargon da 'yan inci. Wurin matsattse ne, kwanciya za ka yi rub da ciki kana miƙa hannu. Ka daure ka yi, ko ba komai a duk inda akwai rami.

Ka yi wa bakin hawa garu na katako ko filawud don kada bargo ya riƙa zubo maka duk sanda ka buɗe. Murfin kansa ka manna masa allon kumfa mai kauri a baya, ka zagaye bakinsa da robar hana iska. Akwatunan haɗa waya kowanne ya kasance da murfi, ka kafa masa 'yar tuta don mai gyaran wuta ya same shi wata rana. Kayan ajiya kuma a sauko da su. Na san akwatunan lefe da buhunan tsofaffin kaya can muke kai su, amma bargon da aka danne ya rasa iskarsa, ya rasa amfaninsa. In dole sai an ajiye, a gina ɗan dandamali sama da tsayin bargon.

Lissafin buhu

Ka auna tsawo da faɗin gidan ka ninka. A ce ƙafa 1,000 murabba'i ne. Kana da inci huɗu na tsohuwar auduga, wato kusan R-10. Kana son R-49, saura 39. Raba 39 da 3.5, ka samu kusan inci 11 na selulos. Amma selulos tana zama bayan an hura ta, shi ya sa a bayan kowane buhu akwai jadawali, wanda dokar Amurka ta tilasta a buga, mai nuna kaurin ranar hurawa, da kaurin bayan ta zauna, da adadin buhun da ake buƙata. Ga wannan misalin za ka ga sama da buhu 50 ne na masu nauyin fam 25. Ka bi jadawalin buhun da ka saya, ka ƙara biyu ko uku.

Ka riƙe wannan ko da ɗan kwangila za ka ba aikin: adadin buhu shi ne gaskiyar magana, ba kauri kaɗai ba. Ana iya buɗe wa inji iska da yawa, bargon ya kumbura ya kai alamar rular auna kauri da buhu kaɗan, bayan wata shida ya sauka. Ka sa a rubuta lambar R da adadin buhu a takardar yarjejeniya, a kuma rubuta ko toshe kafofi na ciki. Ranar aiki ka ƙirga buhunan da aka juye. Ba rashin yarda ba ne, haƙƙinka ne.

Manyan shaguna irin su Home Depot da Lowe's suna ba da hayar injin hurawa, sau da yawa ma kyauta na kwana ɗaya idan ka sayi adadin buhun da suka ƙayyade. A Amurka, ragin harajin tarayya na kashi 30 cikin 100 da ake samu kan wannan aiki ya ƙare a ƙarshen 2025, amma kamfanonin gas da lantarki da dama suna da nasu rangwamen, ka tambaya kafin ka saya don wasu sai an bi ƙa'idarsu tun farko. Iyalan da samunsu bai da yawa kuwa, akwai shirin gwamnatin tarayya na gyara gidaje don rage kashe makamashi, wanda aka kafa tun 1976, ana yin aikin kyauta ga wanda ya cancanta, har da masu haya idan mai gida ya amince. 'Yan'uwanmu da yawa sun cancanta amma ba su taɓa jin labarinsa ba. A riƙa faɗa a masallaci.

Ranar hurawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyu ake buƙata, ɗaya a ƙasa yana ciyar da inji, ɗaya a sama da tiyo. Ni ƙanin uwargida ne ya tsaya a ƙasa. Kafin a kunna, ka kafa rulolin kwali a jikin katako, fuskarsu na kallon bakin hawa, aƙalla ɗaya a kowace ƙafa 300 murabba'i. Ka ajiye injin a waje ko a gareji kan tamfol, ka shigo da tiyo, ka naɗe mahaɗansa da tef, ka rufe ƙofofin ɗakuna, ka shimfiɗa leda a ƙarƙashin bakin hawa. Ku haɗa waya a kunne, don ƙarar inji ba ta barin a ji kira.

Na ƙasa ya riƙa farfasa buhun da hannu kafin ya zuba, kaɗan-kaɗan, don dunƙule yana toshe tiyo. Kada ya kuskura ya sa hannu cikin injin yana juyawa. In ya toshe, a kashe a cire filogi tukuna. Ya kula kada guntun leda ko wuƙa su faɗa ciki.

Na sama ya fara daga lungu mafi nisa, yana ja da baya zuwa bakin hawa. Ka riƙe tiyon a kwance daidai ƙugu, bargon ya fita ya yi baka ya sauka kamar ana sheƙa hatsi. Kada ka soka bakin tiyon ƙasa, zai danƙare shi ya kuma tone wanda ya riga ya kwanta. Ka fara cika gefe-gefe, saman bangon waje, don nan ne ake yawan bari da ƙaranci kuma nan ne kusurwar ɗaki ke yin sanyi. Sannan ka cika tsakiya, kana lilo da hannu dama da hagu. Ƙura za ta tashi har tocilar goshi ta koma kamar fitilar mota cikin hazo. In ka daina ganin rula, ka ce a kashe, ka jira ta lafa.

Idan kun kai rabin wurin, ku tsaya ku ƙirga. An juye rabin buhunan? In ba a kai ba, bargonka ya yi sakayau, ka rage wa injin iska ka koma ka ƙara. Can wajen azahar ƙanin nawa ya kira ya ce, "Yaya, saura buhu talatin fa, kai kuma ka ce ka kusa rabi." Dole na koma baya na sake bi. Mun gama kafin la'asar.

Da ka iso bakin hawa, ka haska ko'ina ka ga ya kwanta bai-ɗaya, babu tudu babu kwari, makwararan iska a buɗe, garun bututun hayaƙi babu abin da ya faɗa ciki. Ka yanko jadawalin buhu ɗaya, ka rubuta ranar da adadin buhun da aka hura, ka manna a jikin rafta kusa da murfi. Mai sayen gida ko mai duba shi wata rana zai nema. Ka yi wanka, kayan aikin a wanke su daban da na yara.

Ka sake hawa sau ɗaya a tsakiyar Janairu, da sassafe, ranar da sanyi ya tsananta. Daga kan tsani kawai, ba sai ka taka ba. Ka dubi rula ka ga inda bargon ya zauna, ka haska tsinin ƙusoshi. In a bushe suke, aikin ya yi. In ka ga farin ƙanƙara a wani yanki, akwai kafar da ta tsere maka a ƙarƙashin wurin, ka sa alama ka tone ta idan gari ya yi ɗumi. Ni na sami guda ɗaya a saman banɗaki, gefen bututun ruwa, na toshe ta a watan Afrilu. Hunturun da ya biyo baya, da aka yi dusar farko, na fita da safe na tsaya inda Alhaji ya tsayar da ni. Rufin fari fat har bakinsa. Yana share ƙofar garejinsa, ya ɗago kai ya duba, ya ɗaga mini hannu.